Hattara da wani "malamin zane" a Instagram

Jama'ar Agege, Mile 12 da Idi-Araba, musamman masu yara 'yan son zane, ku ji abin da ya same mu.

Ɗan yayata tun yana firamare kwali ba ya tsira a hannunsa, sai ya zana fuskar wani a bayansa da biro. Da ya ci karo da tallan wani mutum mai cewa yana koyar da zanen fensir, irin wanda za ka rantse hoto ne aka ɗauka, daga kai sai shi ta Zoom sau biyu a mako, sai ya ishe ni da magiya. Na tura naira dubu 45 na wata uku. Sunan da ya fito a asusun ba nasa ba ne, ya ce na matarsa ne. Nan ya kamata in ja birki, amma yaro na tsaye a kaina yana murna.

Bayan kwana biyu sai ga wani kuɗin, dubu 18 na kayan aiki: fensir 2B, 4B da 6B, gawayin zane da takarda mai kauri, wai mai babur zai kawo har gida. Har yau muna jira.

Zoom kuwa ko sau ɗaya. Yau an ɗauke wuta, gobe sabis ba kyau. Sai ya jefa yaron cikin wani guruf na WhatsApp da shi kaɗai ke iya magana, yana turo bidiyo. Yaron ne ma ya lura, ya ce, "Kawu, ai hannun nan na Bature ne." Ashe daga YouTube yake kwasowa. Muka saka zane-zanen shafinsa a Google Lens, manhajar da ke nemo inda hoto ya fito a intanet, duk na wasu ne. Ina tambayar kuɗina ya toshe lambata.

Na kai ƙorafi banki da rasit ɗin, saura ofishin EFCC na Ikoyi.

Kafin ku biya kowa, ku ce ya kira ku ta bidiyo, ya ajiye ƙwai ko kofin shayi, ya zana shi da inuwarsa kuna kallon hannunsa da fuskarsa. Ku biya na darasi ɗaya tukuna. In da hali, ku taka zuwa Yabatech, babbar makarantar fasaha da ke Yaba, akwai ɗaliban sashen zane da za ku gani ido da ido.

Mutumin ya canza sunan shafi, amma bai cire zanen wata tsohuwa mai tsagar fuska da ya kafe a sama ba. In kun gan ta, shi ne.