Robar shaƙa da na saya wa autana: abin da na gani bayan hunturu biyu

Autana shekararsa 6, kuma tun yana goye yake fama da asma, wadda kakarsa ke kira fuka. A Mabera muke zaune. Duk wanda ya san Sakkwato ya san yadda gari yake daga Disamba zuwa Fabrairu, hazo ya rufe rana, ƙura ta bi mutum har cikin kwanon tuwo. A lokacin ne ƙirjin yaron yake kwana yana ƙara kamar kukan 'yar kyanwa.

Kusan shekara guda ina fesa masa shuɗiyar inhela, Ventolin, kai tsaye a baki. Mai kemis ɗin da ya fara sayar mini ya miƙo ta a leda kawai, bai ce uffan ba. In fesa, in ga hayaƙin yana fita ta gefen bakinsa, in ƙara. Har na fara zargin jabu aka ba ni.

Wata nas ce ta gano bakin zaren. Ta ce, "Hajiya, nuna mini yadda kike ba shi." Da na yi, sai ta girgiza kai: "Maganin ga a harshe da maƙogwaro yake tsayawa, bai isa huhu." Ashe dole a danna daidai lokacin da ake jan numfashi a hankali, sannan a riƙe shi kamar daƙiƙa 10. Babba ma yakan kuskure, balle yaron da yake haki yana kuka. Ita ta rubuta mini sunan robar, sifesa.

Roba ce mai kama da ƙaramar gora. Ana cusa inhela a gindinta, yaro ya kama ɗaya bakin da leɓɓansa. Sai a girgiza inhelar, a danna sau ɗaya tak, maganin ya tsaya a ciki, shi kuma ya yi numfashinsa na yau da kullum sau 5. In ana son ƙari, a sake girgizawa, a sake dannawa. Ba a tara fesa biyu a lokaci guda. Akwai wani ɗan marfi a ciki da ke motsi in ya ja iska, da shi nake gane ya shaƙa da gaske. Daren farko da na gwada, fesa 2 na yi masa, kafin in gama naɗe sallaya kukan ƙirjin ya lafa, ya yi barci. Na daɗe zaune ina kallonsa ina hamdala.

Tana da nata matsalolin. Sai da na zaga kemis huɗu kafin in samu, wasu ma ba su san ta ba. Ba ta shiga aljihu, a jakar makaranta kuma tana cin wuri. Takardar da ke cikin kwalin da Turanci ce, rubutun ƙanana, ba don nas ɗin ba da ban san cewa ba a goge ta da tsumma ba. Da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke ake wanke ta, a bar ta ta bushe da kanta, domin gugar tsumma tana sa magani ya manne a jikin robar. A garinmu sai a kife ta a ɗaki, in ba haka ba ƙura ta cika ta.

Daga baya likita ya ƙara masa inhela mai ruwan ƙasa, ta rigakafi, safe da yamma ko lafiyarsa ƙalau, ita ma ta cikin robar, sannan ya kurkure baki. Kakarsa ta ce in ya saba shi ke nan, ba ya bari. Na ce, "Inna, ba ƙwaya ba ce, kumburin hanyar numfashi take kwantarwa." Yanzu ita ke tuna mini in na sha'afa. Shuɗiyar mai fesa 200 da a da ba ta yi mana wata biyu, bana ta kai mu ƙarshen hunturu. Zafin Afrilu kawai nake kiyaye ta da shi, ba na barin ta a mota ko bakin taga.

Sau ɗaya robar ba ta wadatar ba. Mura ta kama shi, na ba shi fesa ɗaya-ɗaya har 10 kamar yadda aka koya mini, amma ya kasa haɗa magana. Ban jira asuba ba, babansa ya tayar da babur muka nufi asibiti, robar tana hannuna.