Na'urar lissafin kuɗin sallama ta Qiwa: tana aiki, amma ka san albashin da za ka ba ta

Duk wanda ke teburin haƙƙoƙin ma'aikata a kamfani, a Jidda yake ko Makka ko Riyad, ya san babu abin da ke kawo tada jijiyar wuya kamar kuɗin sallama, wanda a nan muke cewa mukafa'a. Dandalin intanet na Qiwa, na ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya, yana da na'urar lissafa shi, kyauta. Za ka zaɓi irin kwantiragin, mai wa'adi ko marar wa'adi, ka zaɓi dalilin rabuwa, ka sa albashi, ka sa tsawon lokacin aiki. Nan take ta fitar da adadi.

Lissafinta daidai yake da dokar ƙwadago. Sashe na 84 ya ba ma'aikaci rabin albashin wata a kan kowace shekara cikin biyar ɗin farko, sannan cikakken albashin wata a kan kowace shekara bayan nan, duk bisa albashinsa na ƙarshe. Idan shi ya ajiye aiki, sashe na 85 ne ke aiki: ƙasa da shekara 2 ba ya samun komai, daga 2 zuwa 5 sulusi, sama da 5 amma ƙasa da 10 kashi biyu bisa uku, daga 10 a ba shi duka. Tana kuma lissafa guntun shekara, wurin da hannu ya saba kuskure. A wannan ta cancanci yabo.

Inda ake faɗawa rami shi ne akwatin albashi. Na'urar ba ta san abin da ke cikin kwantiragi ba, abin da ka rubuta shi take ɗauka. Doka kuwa cikakken albashi take nufi, wato na asali haɗe da alawus ɗin da ake biya kowane wata. Sabon ma'aikacin ofis sai ya kwaso adadin da ke rajistar Ta'minat, wato hukumar inshorar ma'aikata, alhali can albashin asali da kuɗin gida kawai ake rubutawa. Ɗauki mai albashin asali riyal 6,000, kuɗin gida 1,500, kuɗin mota 600, jimla 8,100, ya yi shekara 7 kamfani ya sallame shi. Haƙƙinsa riyal 36,450 ne. Idan aka sa adadin Ta'minat, 7,500, zai fito 33,750. Idan aka sa na asali kaɗai, 27,000 ne, an cinye masa 9,450 ke nan, kuma na'urar ba za ta ce uffan ba. Ga direba ko mai gadi da ya kwashe shekaru yana tura kuɗi gida Kano ko Maraɗi, wannan giɓin kuɗin rufin ɗaki ne. Ya kamata a ce an raba akwatin gida uku ko huɗu, kowane alawus da gurbinsa. Wannan ne babban aibinta a wurina.

Kamasho da kason ciniki su ma sai an buɗe kwantiragi, domin sashe na 86 ya yarda a cire su daga lissafi idan an yi yarjejeniya a kan haka. A lura da mata: wadda ta ajiye aiki cikin wata 6 da ɗaurin aurenta, ko cikin wata 3 da haihuwa, cikakken kuɗinta za a ba ta bisa sashe na 87. Wanda ya zaɓi "ajiye aiki" kai tsaye ya zalunce ta.

Adadin da ta bayar kuma ba shi ne takardar sallama ba. Sauran kwanakin hutu (21 a shekara, 30 bayan shekara 5 a jere), ragowar albashi da bashin da kamfani ke bi, duk a gefe za ka lissafa. Lokacin biya ma a ƙure yake: mako ɗaya idan kamfani ne ya raba, mako biyu idan ma'aikaci ne.

A wannan teburi za ka sha jin "Ɗan'uwa, ka duba mini da kyau", musamman idan an gane kana jin Hausa. Amfanin na'urar a nan babba ne. Juya wa ma'aikacin fuskar kwamfutar, ku cike tare, ya ga adadin da idonsa. Haka ma idan manaja ya so a rage, shafin hukuma ne a gabansa, gardama ta ragu.

Ga 'ya'yanmu masu takardar ɗan ƙasa, tunda ayyukan sashen ma'aikata an keɓe wa 'yan Saudiyya ne, kada ku tsaya a danna maɓalli. Wanda ake ɗagawa zuwa shugaban sashen albashi da haƙƙoƙi shi ne mai iya yin lissafin a takarda, ya daidaita kwantiragin Qiwa da rajistar Ta'minat da fayil ɗin Mudad (dandalin biyan albashi), ya kuma faɗa wa sashen kuɗi nawa za a ware kowace shekara don sallama. Darussan intanet na Doroob, na Hadaf, asusun horar da ma'aikata, za su taimaka a matakin farko. Mai iƙama (takardar zaman baƙo) kuwa, ko ba zai zauna a kujerar ba, ya buɗe na'urar ya gwada nasa kafin ya sa hannu a takardar cewa ya karɓi haƙƙinsa duka.