Gargaɗi: Mai Saita Ƙwaƙwalwar Mota Ya Ci Mini Naira 1,050,000, Ya Kuma Kashe Mini Inji

Jama'a, assalamu alaikum. Yau kwana goma sha tara ke nan motata tana ajiye a wani gareji a Kano da kan injinta a kwance a ƙasa, kuma a cikin waɗannan kwanaki babu daren da ban rubuta wannan bayani na sake gogewa ba, saboda kunyar abin da mutane za su ce. Naira 1,050,000 mutumin nan ya karɓa daga hannuna a kashi uku, wato 500,000, da 350,000, sannan 200,000, kuma da yatsana na tura masa kowace, babu wanda ya ɗora mini wuƙa a wuya.

Kafin wani ya fara yi mini wa'azi, ina so a san cewa ni ba yaro ba ne. Shekara ashirin da biyu ina sayen riɗi da zoɓo a ƙauyukan da ke tsakanin Gumel da Maigatari ina kai su Dawanau, kuma buhun da aka zuba wa yashi a gindi tun yana kafaɗar ɗan dako nake gane shi. Na kuma san akwai masu cewa me mutumin ƙauye zai yi da motar tsere a hanyar da awaki ke kwana a kanta. Amsata ita ce da gumina na saya, na fitar da zakka kafin in saya, kuma kowa da abin da ransa yake so. Wani doki yake ɗaurewa a ƙofar gida, ni mota na ajiye.

Motar Ford Mustang GT ce ƙirar 2013, mai inji lita 5.0 da silinda takwas, wadda kamfani ya ce ƙarfinta ya kai na doki 420. Ta Kwatano aka shigo mini da ita, kuma lafiya lau take har lokacin hunturun da ya wuce, da ɗan yayana ya ba ni shawarar mu cire akwatin matatar iska na kamfani mu sa wani faffaɗan bututu mai matata buɗaɗɗiya a bakinsa kamar mazurari. Muka yi oda aka kawo, muka ɗaura. Ƙarar motar ta yi daɗi, ba zan ɓoye ba, amma kwana uku tsakani fitilar gargaɗin inji ta kama, motar ta riƙa shiƙa idan tana tsaye.

Yanzu ga wurin da yake hana ni barci. Mutumin ya iso gidana ranar wata Laraba ana kiran sallar la'asar, yana ɗauke da baƙar jaka a kafaɗa. Muka yi salla tare a masallacin ƙofar gida, sannan muka nufi gindin darbejiyar da nake ajiye motar. Bai buɗe jakarsa ba, bai jona komai ba. Bonet kawai ya ɗaga, ya zagaye bututun da tafin hannunsa kamar mai awon wuyan rago, ya dube ni ya ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, wannan bututun ya fi na kamfani faɗi. Idan na jona kwamfuta za ka ga lamba biyu, P0171 da P0174." Ya jona, ya juyo da allon wajena, sai ga lambobin nan biyu kamar shi ya rubuta su. Ku gaya mini tsakaninku da Allah, wane ne a cikinku ba zai miƙa wuya ba a wannan lokacin? Har ɗan yayana sai da ya ce, "Kawu, wannan ya san aiki."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne duk bayanin da ya yi a gindin bishiyar nan gaskiya ne, na tabbatar da haka daga baya. Ya ce a cikin bututun akwai wata ƙaramar na'ura mai auna iskar da ke shiga inji, kuma an saita ta ne a kan faɗin bututun kamfani. Idan aka sa bututun da ya fi faɗi, iskar takan wuce ta gabanta a hankali, sai ta gaya wa ƙwaƙwalwar motar, wadda makanikai ke kira biren bos, cewa iska kaɗan ce ta shiga alhali mai yawa ce. Ita kuma ƙwaƙwalwar sai ta ba da fetur daidai da ƙaryar da aka yi mata. Ya ce injin fetur a tafiyar yau da kullum yana son kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai ta fuskar nauyi, idan kuma aka take totur har ƙasa yana son man ya ɗan fi haka yawa don cikin silinda ya yi sanyi. Ƙwaƙwalwar tana ƙoƙarin cike giɓin da kanta, amma idan abin ya fi ƙarfinta sai ta kunna fitila, lamba ɗaya ga kowane ɓangare na injin. Maganin, in ji shi, a sake rubuta mata lissafin ya dace da sabon bututun. Babu harafi ɗaya na ƙarya a cikin wannan, shi ya sa nake cewa da gaskiya aka kama ni, kamar yadda ake sa wa kifi tana ta gaske a bakin ƙugiya.

Na tsallake wani abu. Naira 500,000 ɗin farko tun kafin ya zo na tura ta, kwana biyu kafin Larabar. A Instagram ɗan yayana ya ga bidiyonsa, muka karɓi lamba muka koma WhatsApp, ya ce daga Abuja yake shigowa Kano duk wata, kuma dole sai an fara sayen lasisin buɗe ƙwaƙwalwar motar da dala kafin ya taso. Sunan da ya fito a asusun bankin ba shi ne sunan da ya gaya mini ba. Na lura, kada wani ya ce ban lura ba, kuma na tambaye shi, ya ce asusun ƙaninsa ne, nasa ya cika. Mu da ke harkar kasuwa kullum ana turo mana kuɗi ta asusun yara da na masu POS, don haka ban ɗauke shi wani abu ba. Dubu ɗari biyar, ga mutumin da ko fuskarsa ban taɓa gani ba.

Aikin kansa bai wuce minti ashirin da biyar ba. Ya jona wayar kwamfutarsa a soket mai rami 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, ya ce kada kowa ya taɓa mukulli, muka yi tsaye muna kallon wani layi yana cika a allo kamar masu jiran ganin wata. Da ya gama muka hau titin Maigatari, kuma wallahi da na ɗan shafa totur sai motar ta zabura ta manna ni da kujera. Fitila ta mutu. A nan bakin titi, inji yana kunne, na tura masa 350,000. Muka dawo aka kawo tuwon dawa da miyar kuka ya ci, na ba shi kuɗin mai ya ƙi karɓa, ya ce, "Haba Alhaji, ai an zama ɗaya." Wannan ƙin karɓar dubu goma ya ƙara masa daraja a idona fiye da komai, bayan ya riga ya sa 850,000 a aljihu.

Da daddare ya turo mini hoton wata takarda mai lanƙwasassun layuka, ya ce ƙarfin motata ya tashi zuwa doki 465. Na nuna wa abokaina a majalisa ina alfahari. Sai bayan abin ya faru wani yaro ya tambaye ni a kan wane injin gwaji aka ɗora motar, domin irin wannan takarda ba ta fitowa sai an ɗaure mota a kan na'ura mai manyan gangunan ƙarfe tayoyinta suna juya su. A ranar kuwa motata ba ta bar gindin darbejiya da titin Maigatari ba. Da muka ƙara girman hoton muka ga kwanan watan da ke kusurwa ya girmi ranar da na sayi motar da shekaru.

Dubu ɗari biyun ƙarshe kuwa kafin injin ya buga ne, ba bayansa ba kamar yadda wasu ke yaɗawa a gari. Bayan kamar mako guda, da zafin bazara ya tsananta, na fara jin wata ƙara idan na taka mota da ƙarfi, kamar ana kaɗa tsakuwa a cikin gwangwani. Na kira shi ya ce ƙwaƙwalwar ce take koyon sabon lissafi, in yi haƙuri. Na sake kira ya ce man da na sha ne gurɓatacce. Hankalina bai kwanta ba, na ce ya zo ya mayar mini da motar yadda kamfani ya yi ta. A nan ne ya ce lissafin asali yana kulle, sai an biya 200,000 a buɗe shi, kuma zai zo ranar Asabar. Na tura. Asabar ta zo ta wuce, kira ba ya shiga, saƙo ba ya isa, hotonsa ya ɓace daga WhatsApp ɗina.

Ranar Talata na ce bari in lallaɓa da ita Kano a duba mini. Tsakanin Gumel da Gujungu na fito zan wuce wata tirela, na take totur, sai na ji ƙarar nan ta gwangwani ta ninka, motar ta yi wata girgiza, hayaƙi mai shuɗi ya turnuƙe bayana. Fitilar gargaɗin ba ta kama ba ko a wannan lokacin. Na yi awa huɗu a bakin titi da rana tsaka ina jiran motar janwe, motocin 'yan kasuwa da suka san ni suna wucewa suna rage gudu suna cewa, "Alhaji, lafiya?" Na gwammace a ce kuɗin ya ninka da wannan tsayuwar.

Wani dattijon makanike ne ya kwance injin a gabana. Da ya zaro fulogi na takwas ya miƙo mini ba tare da ya ce komai ba; bakinsa ya cinye ya yi fari fat kamar toka. Da aka ɗaga kan injin muka ga gefen fistin na takwas ya ɓalle daidai wurin da ringi yake zama, jikin silindar kuma ya yi zane. Sai ya kira wani matashi mai kwamfuta ya karanta abin da aka zuba a ƙwaƙwalwar. Abin da ya nuna mini shi ne, ba a rubuta wa motata komai ba. Wani shiryayyen lissafi ne irin wanda ake kwasowa a intanet, an yi shi ne don bututun wani kamfani dabam mai wani faɗi dabam, kuma don man Amurka mai lamba 93, mafi daraja a yawancin gidajen mansu. Mu a nan famfo ɗaya ne, mai iri ɗaya, wanda ya fi kusa da nasu na ƙasa mai lamba 87. An gaggauta lokacin tartsatsin fulogi yadda sai mai mai daraja ne zai jure, an kuma dakushe na'urorin da ke jin ƙarar nan ta gwangwani su sa ƙwaƙwalwa ta ja baya ta ceci inji. Wannan ƙarar fetur ne yake fashewa da kansa ba a kan ƙa'ida ba yana dukan kan fistin, ga kuma zafin da ya haura digiri 40, ga buɗaɗɗiyar matata tana zuƙar zazzafar iskar cikin bonet. Fitilar kuwa ba gyara ta mutumin ya yi ba, lambobin ya kashe don kada ta sake kamawa. Zaburar da ta ruɗe ni a titin Maigatari ita ma dabara ce: totur ɗin wannan mota da lantarki yake aiki, babu wayar ƙarfe mai jan sa, sai ya saita shi yadda ɗan taɓi kaɗan zai buɗe shi da yawa. Abin da na biya wa 350,000 ke nan a bakin titi ina murmushi.

Matashin ya ce mai aikin gaskiya yakan fara kwafe lissafin kamfani ya ba mai mota ya ajiye, sannan ya fita da motar yana naɗar bayanan iska da mai da ƙarar inji, ya gyara, ya sake fita, sau da yawa, a kan man da mai motar yake sha. Ba a ba ni kwafin komai ba, kuma 200,000 ɗin da na biya don a buɗe lissafin asali na biya ne a kan abin da tun ranar Laraba aka shafe. Dattijon ya ce, "Alhaji, da ka zo tun ranar da ka fara jin ƙarar, da ba mu kai nan ba." Na sani. Amma wanda ya faɗi lambobi biyu kafin ya jona kwamfuta shi ne ya ce in yi haƙuri, shi ya sa na yi haƙuri.

Na kai ƙara wurin 'yan sanda, na kuma rubuta wa bankina. Rasit uku na tiransifa suna hannuna, 500,000, 350,000, 200,000, da saƙonnin muryarsa goma sha ɗaya, da hoton takardar bogin, da hoton fistin. Zan saka su duka da zarar mai binciken ya ba ni izini, shi ne ma ya hana ni ambaton suna a yanzu, ba tsoro ba ne.

Wanda zai taɓa ƙwaƙwalwar motarsa, kada ya biya kafin aiki, kada ya tura kuɗi asusun da sunan ya bambanta, ya karɓi kwafin lissafin kamfani a hannunsa, idan kuma ya ji tsakuwa a gwangwani ya kashe mota.

Jiya da dare ɗan yayana ya duba shafin mutumin da wayar abokinsa, tunda mu ya toshe mu. Yana nan yana talla, kuma sabon bidiyon da ya saka na motata ne, a gindin darbejiyata, ana jin muryata a baya ina cewa Allah ya yi albarka.