Ranar da na karɓi sadaka a Birmingham

Assalamu alaikum 'yan uwana na Bauchi. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin ba abu ne mai daɗin faɗi ga magidanci ba. A farkon 2024, lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu a kasuwar bayan fage, kuɗin filin da na sayar na taho karatu Birtaniya ya ƙare tun ba a je ko'ina ba. Bizar ɗalibi awa 20 kacal ta yarda mutum ya yi aiki a mako, kuma ba ka da haƙƙi a tallafin gwamnati. Ga haya, ga kuɗin ɗumama ɗaki. Wata safiya maiɗakina ta buɗe kabad, ta rufe, ba ta ce uffan ba.

Malamar 'yarmu ce ta lura. Ta ja ni gefe ta ba ni wata takarda, ta ce in kai wurin da suke kira bankin abinci, a zauren wani coci. Sau biyu ina zagaya ginin ban iya shiga ba, saboda na san abin da ake yi wa mai karɓa. Shekara huɗu na yi ina sakataren ƙungiyar matasan unguwarmu. Duk azumi mu tara zawarawa da marayu tun hantsi, su yi layi a rana, a jira babban baƙo har azahar. Ni ke riƙe waya. Ni ne mai cewa, "Baba, ɗaga ledar sama, kalli nan." Kafin isha hotuna sun hau Facebook.

Da na tura ƙofa, wata tsohuwa mai furfura ta tare ni, za ta haura saba'in. Ta tambayi sunana, ta maimaita har ta iya faɗinsa daidai, ta zaunar da ni a tebur, ta kawo shayi da biskit. Sannan ta jawo kujera kusa, ta sassauta murya yadda na tebur na gaba ba zai ji ba. Ku nawa ne a gida? Shekarun yaran nawa? Akwai abin girki? Halal kuke ci? Matarka na buƙatar kayan mata? Na ga da idona ta zaro wata ledar alawa daga cikin kayan, ta karanta bayanta, ta mayar, ta ce akwai sinadarin alade a ciki. Ta zuba komai a jakunkunan kanti irin wanda kowa ke riƙewa, don kada a gane daga ina na fito idan na hau bas. Babu tambarin ƙungiya, babu hoton wani alhaji a jikin buhu. Ina zaune ina jiran a ɗaga waya, har na miƙe ba wanda ya ɗaga. A bakin ƙofa ita ce ta yi mini godiya da na zo. Daga baya na ji tsohuwar nas ce da ta yi ritaya, kuma ko sisi ba a biyanta. A tashar bas hawaye ya zo mini.

Kada ku ɗauka aljanna ce. Abincin na kwana uku ne, kuma gwangwani ne akasari: wake mai zaƙi, miyar tumatir, taliya, madara. Ba manja, ba daddawa, ba yaji, balle garin tuwo. Mai yunwa kuma sai ya nemo takarda daga makaranta ko likita ko ofishin ba da shawara kafin a ba shi, abin da har yau bai kwanta mini ba. Ƙungiyar Trussell, mai kula da bankunan abinci da dama, ita kaɗai ta raba ƙunshin abinci sama da miliyan 3 a shekara guda, a ƙasar da muke sayar da filaye don mu zo.

Da Allah ya kawo sauƙi na koma wurin in taimaka ranar Asabar. Na zaci a ranar zan fara. Ina! Cike fom, kawo mutum biyu da za su tsaya maka, horo kan sirrin mutane, makonni ina jira don in ɗauki kwali kyauta. Raina ya ɓaci, na tuna 'yan agajinmu da ke kwana a asibiti da maƙabarta ba takarda ba komai, Allah ya saka musu. Amma da na shiga na ga amfanin tsarin. Duk kayan da aka kawo sai an ɗora a sikeli an rubuta. Ƙungiyar da kuɗin shigarta ya wuce fam 5,000 a shekara sai ta yi rajista da hukumar kula da ƙungiyoyin agaji, kuma kowa na iya shiga intanet ya ga nawa ta samu, nawa ta kashe. Mai biyan haraji idan ya ba da fam ɗaya, gwamnati na ƙara kwabo 25 a kai. In ƙaramar ƙungiya ta nemi tallafi daga gidauniya, sai ta rubuta abin da za ta yi, bayan an ba ta kuma ta dawo da rasit. Mu fa? Shekara huɗu ina sakatare, ba wanda ya taɓa cewa in kawo lissafi. Hoto shi ne rasit ɗinmu.

Kar wani ya ce ai wannan na Turawa ne. A nan Birmingham Dakta Hany El-Banna, ɗan Masar, ya kafa ƙungiyar agaji ta Islamic Relief a 1984. National Zakat Foundation kuwa tun 2011 take karɓar zakkar Musulmin ƙasar tana raba wa mabuƙatan cikin ƙasar, mutum ya nema daga wayarsa yana ɗakinsa.

A cikin azumin 2024, gwangwanayen ba su ƙare a kabad ɗina ba, na ga labarin turmutsutsun rabon zakka a Bauchi, inda mata suka rasa rayukansu. Na tabbata mai bayarwa alheri ya nufa. Amma me ya sa sai an tara ɗimbin mata a ƙofa ɗaya? Wace unguwa ce, daga Jahun zuwa Yalwa, limami da mai unguwa ba su san gidan kowace bazawara ba? Wane lungu ne babu mai POS?

Abin da ke ƙara ci mini rai, mun fi su sanin wannan. A nan akwai wani dattijo a saman benenmu, sai ya yi mako ba wanda ya ƙwanƙwasa masa ƙofa. A gidanmu kuwa, bayan magariba Inna kan zuba tuwo a kwano, ta rufe da faifai, ta ce in bi ta bayan gida in kai wa maƙwabciyarmu, in ce ciyayya ce. Sai da na girma na gane kwanon bai taɓa dawowa da komai ba. Da na ba ta labarin bankin abinci a waya, ta yi shiru, can ta ce, "Babana, ba su dai tozarta ka ba ko?" Na ce, "A'a Inna, har shayi aka ba ni." Ta ce, "To Allah ya rufa musu asiri."

A daren na shiga shafin ƙungiyarmu na bi hotunan ɗaya bayan ɗaya ina gogewa. Na tsaya a kan wata baiwar Allah da ta ja mayafi ta rufe rabin fuskarta. Na tuna ranar sarai, ni ne na ce mata ta sauke shi. Na tambayi sakataren yanzu ko tana nan, ya ce tana nan a gidanta na da. Na roƙe shi bana ya kai mata nata kason bayan isha, ya bar wayarsa a aljihu, ya kuma ce mata ina neman gafararta.