Rumbun takardun diflomasiyyar Amurka a intanet: kyauta ne, amma da idon Amurka aka rubuta

Masu karanta Tarihi ko Hulɗar Ƙasa da Ƙasa, musamman waɗanda suka kai matakin rubuta furojet, wannan naku ne. Akwai wani shafi na ofishin masana tarihi na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, history.state.gov, a nan suke zuba jerin kundayen da ake kira FRUS a taƙaice, wato takardun hulɗar Amurka da sauran duniya. Malaminmu da ya koyar da mu Yaƙin Cacar Baka ne ya tura mu can, mutum ne da ya tsufa a cikin karatun tsaro da diflomasiyya kuma baya yarda ka kawo masa "an ce", sai dai ka ce wa ya rubuta, ranar yaushe, wa aka aika wa. To tun daga lokacin nake amfani da shi, ga kuma abin da na gani.

Farko dai kyauta ne, ba rajista ba biyan kuɗi, kuma baya cin data sosai tunda kusan duka rubutu ne zalla. Da yawa daga kundayen ma za ka iya sauke su a waya ka karanta ko ba netwok. An fara buga wannan jeri tun 1861 zamanin Lincoln, yanzu kundayen sun haura 450, an tsara su bisa mulkin kowane shugaba sannan bisa yanki ko batu. Abin da ke ciki kuwa ainihin takardun ne, wayar da jakada ya buga wa Washington (wato saƙon telegiram a rubuce), bayanin da aka kai wa shugaban ƙasa, abin da aka faɗa a taron sirri. Doguwar wayar nan da George Kennan, jami'in diflomasiyyar Amurka, ya aiko daga Mosko a Fabrairun 1946, wadda kowane malami sai ya ambata in ana maganar yadda Amurka ta ɗaura aniyar takure Tarayyar Sobiyat, tana nan gaba ɗayanta. Wasiƙun Kennedy da Khrushchev, shugaban Sobiyat, na rikicin makamai masu linzami na Kuba a Oktoban 1962 su ma suna nan, ka karanta ta Khrushchev ta ranar 26 ga wata ka ji yadda mutum mai riƙe da nukiliya yake rubutu cikin tsoro.

Amma ni inda na fi daɗewa shi ne wajen Najeriya. Kundin Afirka na 1964 zuwa 1968 yana da wayoyin ofishin jakadancinsu na Legas lokacin juyin mulkin Janairu da na Yulin 1966 har zuwa fara yaƙin basasa, Elbert Mathews ne jakada a lokacin. Sai kuma na zamanin Nixon, 1969 zuwa 1972, nan ne wlh abin ya ɗaure min kai, domin mu a aji abin da muka haddace shi ne Ingila da Sobiyat sun ba gwamnatin Gowon makamai, Faransa ta karkata wajen Biyafara, Amurka kuma ta ƙi sayar wa kowa. Haka ne, amma da ka shiga takardun sai ka ga ashe cikin gidan nasu ma ba baki ɗaya ba ne, ma'aikatar harkokin waje tana kan Najeriya ɗaya, shi kuma Nixon zuciyarsa na wajen Biyafara saboda hotunan yunwa da matsin lambar da ake masa a gida, Kissinger, mai ba shi shawara kan tsaro, na tsakiya yana rubuta masa bayani, har aka naɗa Clyde Ferguson a 1969 ya kula da batun kayan agaji. Irin wannan ja-in-ja ba za ka same ta a handawut ba.

Wani abu da mutane ke tsallakewa kuma shi ne ya fi komai daɗi a wajena: ƙananan bayanan da ke ƙasan kowace takarda. Nan za a gaya maka daga wane akwati aka ciro ta, matakin sirrinta, wa ya tsara ta, wani lokaci har a ce shugaban ƙasa ya yi rubutu da hannunsa a gefe ga abin da ya rubuta. Masu wannan aiki masana tarihi ne masu digirin digirgir, ba 'yan siyasa ba, aikinsu kenan shekara da shekaru suna tona akwatuna suna zaɓa. Akwai kuma jerin sunayen mutane da muƙamansu da fassarar gajerun kalmomi a farkon kowane kundi, kar ka raina shi, in ba haka ba za ka ɓata.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Kana cikin karatu abu ya ɗauko daɗi sai ka ci karo da an ce layi kaza ba a saki ba, wani lokaci takarda sukutum, kuma yawanci daidai inda hukumar leƙen asiri ta shigo ne. Wannan ba sabon abu ba ne, har rigima ta taɓa tashi a kai. A 1989 suka fitar da kundin Iran na farkon shekarun 1950 babu ko alamar hannun CIA, hukumar leƙen asirin Amurka, a kifar da firaministan Iran Mosaddeq a 1953, alhali duniya ta riga ta sani. Farfesa Warren Cohen, masanin tarihin diflomasiyya wanda shi ke shugabantar kwamitin malamai masu sa ido a kan aikin, ya ajiye muƙaminsa a 1990 saboda haka. Gaskiya wannan mutumin ya burge ni, domin murabus ɗin nasa na cikin abin da ya sa majalisar dokokin Amurka ta yi doka a 1991 cewa dole kundayen su zama cikakku kuma a fitar da su cikin shekara 30. Duk da haka gyararren kundin Iran ɗin bai fito ba sai 2017! Na Kwango, wanda ya ƙunshi zamanin Lumumba da tasowar Mobutu, sai 2013. Maganar shekara 30 ɗin ma dai a takarda take, na zamanin Reagan har yanzu ba su gama fitowa ba, don haka mai neman abin da ya faru shekarun Abacha ya nemi wata hanyar.

Babbar matsalar kuma ba ta shafin ba ce, tamu ce masu karatu. Jakada ya rubuta cewa 'yan Arewa na tunanin kaza, sai ɗalibi ya kwafa ya sa a furojet kamar ya ji daga bakin Sardauna. A'a malam, wannan fahimtar Ba'amurke ce da ke zaune a Legas, abin da masu kai masa labari suka faɗa masa ne, kuma don amfanin ƙasarsa ya rubuta. Malamin namu ya taɓa dawo wa wani abokina da babi guda saboda wannan, ya ce ya je Gidan Arewa da ma'ajiyar takardu ta ƙasa a Kaduna ya duba jaridun lokacin da takardun gwamnatin Jihar Arewa tukuna, sannan ya dawo su yi magana.

Turancin ma sai a hankali, musamman wayoyin, a gajarce suke kamar ana cajinsu kuɗin kowace kalma. Wajen bincike kuma in ka rubuta Nigeria kawai sakamako zai yi maka yawa, gara ka haɗa da sunan mutum kamar Gowon ko Ojukwu, ko ka shiga ta shekarun shugaban da kake so ka nemi kundin Afirka kai tsaye. In furojet ɗinka ya shafi 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970 ka fara daga nan, kuma ka riƙa rubuta lambar kundi da lambar takarda tun a karon farko, don sufabaiza zai tambaya.