Nawa za ku biya mai kalangun?

Jama'ar gida, wata tambaya ce ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Mu Hausawan Bronx da ke birnin New York, 'yan Najeriya da Nijar da 'yan zangon Gana, muna son raya Ranar Hausa ta 26 ga Agusta, sai aka wakilta ni neman tallafi a wani ofishin al'adu na yankinmu. Na rubuta kuɗin zaure, kujeru, lasifika da abinci. Matar da ke ofishin ta bi takardar da biro har ƙasa, ta ɗago kai ta ce, "Mai kiɗan fa? Nawa za ku biya shi?" Na ce ai shi liƙi ake masa. Sai da na yi mata bayanin liƙi. Ta saurara tsaf, sannan ta ce wannan kyauta ce, ladan aiki daban. In sa masa kuɗin awanninsa, har da ranar gwaji.

Wallahi kunya ta rufe ni. Dattijon da ke mana kalangu direban tasi ne. Shekara da shekaru yana ajiye motarsa daren Asabar, daren da aka fi samu, ya zo ya kaɗa mana, ba wanda ya taɓa lissafa masa asararsa.

Abin nasu a tsare yake. Tun 1982 birnin New York ke da dokar ware kashi 1 cikin 100 na kuɗin wasu gine-ginen gwamnati don aikin masu fasaha. A 2017 suka fitar da tsarin al'adu na birnin, CreateNYC, bayan sun bi unguwanni suna jin bakin jama'a.

Akwai takaici. Komai da Turanci, komai ta intanet, kuma watanni kafin biki za ka nema. Ko ruwan gora ka saya, sai rasit. Lokaci na cika a kashe fitilun zaure, daidai sa'ar da a Fagge ta Kano rawa ke fara daɗi.

Amma mu fa? Makaɗi maroƙi muke ce masa, sai lokacin zaɓe a tuna da shi. Muna tutiya da marinar Ƙofar Mata, wa ya taɓa zama da marinan ya ji me suke bukata? Badala kuwa ana ta yankarta muna kallo.

Jiya na kira dattijon na ce, "Baba, na sa sunanka a kasafi." Ya yi shiru, can ya ce in ƙara da kuɗin fata, ta kalangun ta kusa fashewa.