HO 229, HO 249 ko Ageton: amsa ga ɗan uwa mai koyon sekstan

Ɗan uwa, tambayarka ita ce ka iya auna tsayin rana da sekstan, na'urar auna kusurwa da ake gano inda jirgi yake a teku da ita, ka iya gyare-gyaren har ka fitar da Ho, wato tsayin da ka auna bayan gyara, to yanzu wace hanya za ka bi wajen lissafi da hannu, cikin littattafan jadawalin nan uku, HO 229 ko HO 249 ko kuwa Ageton. Ni dai 249 zan ce maka, amma bari ka ji dalili.

Dukkansu abu ɗaya suke nema maka. Tun 1875 da hafsan sojan ruwan Faransa Marcq Saint-Hilaire ya fito da dabarar, aikin bai canza ba: ka ɗauki wani wuri na zato, ka lissafa tsayin da tauraron zai kasance da a ce a nan kake, wato Hc, da kuma ɓangaren da yake, sai ka gwada da abin da idonka ya auna. Minti ɗaya na bambanci, wato kashi ɗaya cikin sittin na digiri, mil ɗaya ne na teku. In Ho ya fi girma ka matsa wajen tauraron, in ya gaza ka ja baya.

HO 229 na manyan jiragen ruwa ne, juzu'i shida, kowanne ya ɗauki kusan digiri 15 na latitud, kuma yana ba ka amsa har 0.1 na minti. Yana da kyau sosai wallahi, ba tauraron da ba zai yi maka ba. Sai dai nauyi, ga kuma cike gurbin mintocin diklineshan (wato latitud ɗin tauraro a sama) da ke cin lokaci, nan ne mai gajiya yake yin kuskure.

Shi 249 asalinsa don matuƙa jirgin sama aka yi, mutanen da ba su da lokacin zama. Juzu'i uku ne kawai, amsa zuwa minti ɗaya. Na biyu da na uku sun tsaya a diklineshan 29, wanda ya ishe ka rana da wata da su Zuhura, amma tauraro irin Vega ko Canopus ba ya shiga. Juzu'i na ɗaya kuwa shi ne abin so, ka shiga da latitud da LHA na Aries kawai (LHA ita ce kusurwar da ke tsakanin longitud ɗinka da abin da ke sama, ana ƙirga ta zuwa yamma, Aries kuwa wurin da ake fara ƙirga matsayin taurari ne) ya jero maka taurari bakwai da tsayinsu da inda za ka duba, kenan tun kafin magariba ka saita sekstan, kana ɗagawa sai ga tauraron a madubi, alhali lokacin da ake ganin taurari da layin da teku ya haɗu da sama tare ɗan kaɗan ne. Ka dai kula, wannan juzu'in ana sabunta shi duk shekara biyar saboda taurari suna ɗan gusawa.

To mutane za su ce ai 229 ya fi daidai. Haka ne a takarda. Amma kana kan ƙaramin jirgi igiyar ruwa tana wasa da kai, in ka samu awo cikin mil ɗaya ko biyu ka gode Allah, to ina amfanin 0.1 ɗin?

Ageton, wato HO 211 na 1931, ɗan littafi ne da zai shiga aljihu, ya yi maka duk duniya, kuma kana iya aiki daga ainihin wurin da kake tsammanin kake ba sai ka zagaye zuwa cikakken digiri ba. Kuɗin da za ka biya shi ne tarawa da ɗebewa layi bayan layi da dokokin suna ɗaya ko saɓani (wato ko latitud da diklineshan duk arewa ne ko duk kudu, ko sun saɓa), kuma in LHA ya kusa 90 amsarsa ba abin dogaro ba ce. Na ajiya ne, ba na koyo ba. Haka ma gajeren jadawalin da ke bayan almanak na teku, littafin shekara-shekara mai nuna matsayin rana da taurari, shiga biyu ake yi, sai wanda hannunsa ya saba.

Abin da nake roƙonka shi ne ka haddace asalin lissafin: sin Hc = sin L × sin d + cos L × cos d × cos LHA, inda L shi ne latitud, d kuma diklineshan. Gwada da kalkuleta yanzu, latitud 30 arewa, diklineshan 20 arewa, LHA 40, zai ba ka 0.7944, wato digiri 52 da minti 36. In sekstan ya ba ka 52 da 41, ka ja layin matsayinka a taswira mil biyar wajen ranar. In latitud da diklineshan sun saɓa, ɗaya arewa ɗaya kudu, sa wa d alamar ɗebewa. Ka riƙa yin kowane awo da 249 sannan ka duba da wannan, duk inda suka bambanta da fiye da minti ɗaya ko biyu koma ka duba LHA ɗinka tukuna, yawanci a nan matsalar take.